Kwikwiyo ya fito ba ya numfashi, ni da yayana kuma mun daina magana

Assalamu alaikum. Ni manomin lambu ne a wajen Jiratawa, kusa da Maradi. Ni da yayana muna da karnuka mata 2 da ke yi mana gadin lambu da garken awaki. Shekaranjiya da dare, cikin ɗarin nan, babbar ta haifi 'ya'ya 3 lafiya lau, sai ta kwanta ta yi shiru kamar awa ɗaya. Yaya ya ce ƙarfinta ne ya ƙare, ya ɗauko allurar naƙudar da yake yi wa awaki ya yi mata mililita 1. Bayan nan ta haifi 4: biyu matattu, ɗaya lafiya, ɗaya kuma ya fito laƙwas, harshensa shuɗi. Yaya ya riƙe shi kai a ƙasa ya yi ta wujijjiga shi har ya yi kuka. Yana raye, amma ba ya kama nono sosai, jikinsa da sanyi, sai ƙananan koke-koke. Cikin ɓacin rai na ce wa Yaya shi ya kashe su, tun ranar ba ya amsa gaisuwata. Maiɗakina ta ce na zubar da girmana a kan kare. Ga shi ƙaramar karyar saura kamar mako 2 ta haihu. Yaya zan gane kwikwiyon da ke cikin haɗari, me kuma zan yi masa? Da gaske allurar ce ta kashe su?

Wani mai lambu, jihar Maradi

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri bisa tausayin da ka nuna wa dabbar da ke kwana a waje tana tsare maka dukiya. Mu fara da wanda ke raye, domin shi ne ba zai iya jira ba.

Kwikwiyon da ya sha wahalar rashin iska wajen haihuwa yakan fito ba ƙarfi, rashin ƙarfin ya hana shi tsotso, rashin tsotson ya sa sukarin jininsa ya faɗi, jikinsa ya yi sanyi, sanyin kuma ya ƙara kashe masa jiki. Wannan zagayen ne ke kashe su, galibi a kwanakin farko. Ana karya shi ne bi da bi: ɗumi tukuna, sannan sukari, sannan nono. Kada ka juya wannan tsarin. Samo ma'aunin zafin jiki na kantin magani, ka shafa wa bakinsa basilin, ka sa shi a duburarsa kamar santimita 1. A makon farko daga digiri 35 zuwa 37 shi ne daidai. Idan ya gaza 35 kada ka ɗura masa komai, saboda hanjin kwikwiyo mai sanyi ya tsaya da aiki. Madarar za ta kwanta a ciki ta yi tsami, ko ta dawo ta shiga huhu. Ka zuba ruwa mai ɗumi a gorar roba, ka naɗe ta da tsumma, ka sa su tare a kwali, ka bar masa gefen da zai iya janyewa idan zafi ya yi yawa. A hankali ake ɗumama shi, cikin awa 1 zuwa 3, kana juya shi lokaci zuwa lokaci. Kada a kara shi da wuta, kada kuma a shigar da kaskon gawayi ɗakin da aka rufe: hayaƙin gawayi wanda ido ba ya gani yana hana jini ɗaukar iska, ga shi dama ita ce ya rasa.

Yana cikin ɗumama, narka ƙaramin cokali 1 na sukari a ƙaramin cokali 2 na tafasasshen ruwan da ya huce, ka shafa masa ɗigo 2 ko 3 a dasashi da yatsa. Shafawa za ka yi, ba ɗurawa ba. Idan ya yi ɗumi, sa masa ɗan yatsanka mai tsabta a baki. In ka ji ya naɗe harshe ya ja, to zai iya shan nono. Janye manyan 'yan'uwansa na minti 10 zuwa 15, ka matso ɗigon nono daga nonuwan baya, waɗanda suka fi ruwa, ka sa masa a baki ka tallafe shi. Haka za ka yi duk bayan awa 2, dare da rana. Idan ya kasa kamawa, tatso nonon uwar ka ba shi da sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo, yana kwance rub da ciki, kansa a ɗan ɗage. Kada a kwantar da shi rigingine wajen ba shi nono. Kwikwiyo mai giram 300 yana bukatar kamar mililita 40 zuwa 45 a yini da kwana, wato kusan mililita 4 a kowane sha. Da ka ga madara ta fito ta hanci, tsaya.

Na san a Maradi hannu zai fara kaiwa ga nonon jar akuya. Shi kaɗai ba ya riƙe kwikwiyo, domin nonon karya ya ninka shi wajen maiƙo da abin gina jiki. In babu madarar gwangwani ta kwiyakwiyai kuma nonon uwar ya kasa, haɗa mililita 250 na tafasasshen nonon akuya da gwaiduwar ƙwai 2 da babban cokali 1 na man girki, ka ba shi da ɗumin jiki. Na wucin gadi ne, ba ya maye gurbin na uwa. Bayan kowane sha, idan uwar ba ta lashe shi ba, shafa masa ƙasan ciki da dubura da auduga mai ɗumi, domin ba ya iya fitsari da kashi da kansa sai ya doshi mako 3. Ka dubi audugar: fitsari fari-fari alama ce ta ruwa ya ishe shi, rawaya mai duhu kuma bushewa ce, abin da iskar hunturu ke saurin jawowa. Akwai wani abu da lokacinsa ya riga ya wuce. Garkuwar da ke cikin dakashi tana ratsa hanjin kwikwiyo ne a awa 12 zuwa 16 na farko kawai. In bai samu isasshe ba a lokacin, cuta za ta fi saurin kama shi, saboda haka shimfiɗarsa da cibiyarsa suna son tsabta fiye da na sauran. Idan ka ga cibiya ta kumbura, fatar ciki ta yi ja ko shuɗi, ƙarshen yatsu ya yi baƙi, ko kuka ya ƙi tsayawa bayan ya ƙoshi ya yi ɗumi, kai shi wurin likitan dabbobi a ranar.

Yanzu ga tambayarka mai nauyi. Kowane kwikwiyo a ciki yana da mabiyiyarsa da ta zagaye shi, ta nan yake samun iskar oksijin daga jinin uwa. Duk lokacin da mahaifa ta matsa, jinin yana raguwa, idan ta saki ya dawo. Kamar ka taka tiyon ban-ruwa ne ka ɗaga ƙafa: shuka ba ta jin komai, sai fa idan ka tsaya a kai. Allurar naƙuda, wato oksitosin, idan ta yi yawa tana sa mahaifa ta ɗaure ta ƙi saki, mabiyiya ta ɓalle tun kwikwiyo bai kusa fitowa ba. In kuma akwai wanda ya gicciye a hanya, tana iya yaga mahaifar. Ruwan allurar da ake sayarwa don dabbobi yawanci yana da awo 10 a kowace mililita, alhali likitoci kan fara wa karya ne da abin da bai wuce awo 1 ko 2 ba, sau da yawa ma ƙasa da haka, kuma sai bayan sun duba sun tabbatar hanya a buɗe take. Ka ga abin da aka yi mata ya ninka ƙa'ida sau da yawa. Sannan shirun awa ɗaya tsakanin 'ya'ya, matuƙar ba ta nishi, tana shayar da waɗanda suka fito, hutu ne. Karya takan huta har awa 2 ta ci gaba lafiya.

Saboda haka ba zan ɓoye maka ba, allurar kuskure ce, kuma mai yiwuwa tana da hannu. Amma ba wanda zai rantse ita kaɗai ce. Ko ba allura, 'yan ƙarshe a haihuwa mai 'ya'ya da yawa su suka fi mutuwa, domin su suka fi daɗewa ana matsa su. Cibiya kan maƙale, mabiyiya kan ɓalle da kanta, wani ma ya mutu tun kafin naƙuda. Wujijjigawar ita ma an daɗe ana yin ta, har a littattafan kiwo na da an koyar da ita. An bar ta ne da aka gano tana fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, tana kuma turo abin ciki zuwa huhu.

Yayanka ya ga dabba a kwance cikin dare, ya yi amfani da abin da ya sani daga awaki, da niyyar ceto. Kai kuma ka ga gawa biyu a gabanka ka faɗi maganar da ta fi ƙarfin laifin. Gaskiyarka a kan allura daban, kalmar "kai ka kashe su" daban, kuma ita ce ta yi masa ciwo. Kai ne ƙarami, ka same shi shi kaɗai bayan sallar magariba, ka gaishe shi, ka ce bakinka ya yi kaifi, ya yafe maka. Kada ka haɗa ban haƙurin da darasin allura a zama ɗaya, zai ji kamar ka zo kammala shari'a ne. Bayan kwana biyu ka roƙe shi ya raka ka kai ƙaramar karyar wurin likita, ya ji bayanin daga bakin mai sana'a. Hakan ya fi masa sauƙin karɓa, zai kuma amfani awakinsa, domin su ma allurar nan tana yi musu ɓarna idan bakin mahaifa bai buɗe ba. In ya ƙi saurarenka, sa mahaifiyarku ko wani kawu ya shiga tsakani. Abu guda za ka tsaya a kai cikin ladabi: ranar haihuwar ƙaramar, ba allura sai likita ya ce.

Maiɗakinka kuma kada ka ɗauki maganarta rashin tausayi. Tana tunanin tsabtar gida, da yara, da bakin maƙwabta, da mijin da ke tashi duk bayan awa 2. Ka sauƙaƙa mata: a bar karnukan a rumfarsu ta lambu ko wani lungu nesa da ɗaki da madafa, da kwanonsu da tsummansu daban, ka wanke hannu da sabulu kafin ka shiga gida. Idan tana da juna biyu, kada ta taɓa ruwan haihuwa ko mabiyiya, domin akwai cutar ɓari ta karnuka da ke iya kama mutum. Ajiye kare don gadin shuka da dabbobi kuwa ya zo a hadisi, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne. In zuciyarta ba ta kwanta ba, ku tambayi malaminku tare.

Sai shirin ƙaramar. Cikin karya kamar kwana 63 ne, ko da yake in daga ranar barbara aka ƙirga yakan yi gaba ko baya da 'yan kwanaki. Tun yanzu ka je ofishin kiwo ko wurin likitan dabbobi mai zaman kansa a cikin gari, ka karɓi lambarsa, ka tambaye shi kai tsaye ko yana yi wa karya aiki idan haihuwa ta gagara, ka kuma san abin hawan da za ka samu da tsakar dare. Ka gaya masa idan cikin fari ne, ko babur ya taɓa buge ta a ƙugu, ko namijin da ya hau ta ya fi ta girma sosai, domin waɗannan ne ke sa kwikwiyo ya maƙale. Daga saura mako ɗaya, auna zafinta safe da yamma. Yakan zauna tsakanin digiri 38 da 39. Ranar da ya faɗo wajen 37, naƙuda na nan tafe cikin awa 24. Tanadi tawul ko tsumma masu tsabta da yawa, zare, sabuwar reza, Betadine (maganin wanke rauni), safar hannu, robar zuƙe majinar jarirai, gorar ruwan ɗumi, tocila mai caji, sikelin da ke auna giram, da takarda da biro. Wurin kwanciyar 'ya'yan yana son digiri 29 zuwa 32 a makon farko. A watan Disamba da Janairu daren Maradi ya yi ƙasa da haka nesa, kwikwiyo kuwa ba ya iya ko rawar ɗari a kwanakinsa na farko, ballantana ya riƙe zafin jikinsa.

Idan naƙuda ta fara, aikinka agogo ne. Haki da tonon ƙasa da ƙin abinci na awa 6 zuwa 12 ba komai ba ne. Abin da zai sa ka kira likita nan take shi ne ta yi minti 30 tana nishi mai ƙarfi ba abin da ya fito, ko awa 2 ta wuce bayan na baya alhali akwai saura a ciki, ko jini ja ya yi ta zuba, ko koren ruwa mai duhu ya fito tun ba a haifi ko ɗaya ba. Wannan na ƙarshen mutane sun fi raina shi: ma'anarsa wata mabiyiya ta riga ta ɓalle, mai ita yana can ba iska. Bayan an haifi na farko kuwa koren ruwa abu ne da aka saba. Fitowa ta ƙafafun baya ma ba matsala ba ce, kusan 4 cikin 10 haka suke zuwa, amma in ya tsaya rabi ciki rabi waje cibiyarsa na matse. Kama shi da tsumma a ƙugu ko kafaɗa, ba a ƙafa ɗaya ko wutsiya ba, ka ja a hankali zuwa ƙasa, wajen ƙafafun uwar, daidai lokacin da take nishi.

Uwa tagari ita ke yaga tantanin da ya lulluɓe kwikwiyon, ta lashe shi da ƙarfi, ta cije cibiya. Ka ba ta kamar rabin minti. Idan ba ta yi ba, yaga tantanin daga fuska, share baki da hanci, zuƙe ruwan baki sannan na hanci da robar nan. Ɗora shi a tafin hannu cikin tawul mai ɗumi, kansa a ɗan sunkuye kaɗan, ka goge bayansa da ƙirjinsa da ƙarfi daga wutsiya zuwa wuya. Yawanci za ka ji ya motsa a hannunka, ya buɗe baki, ya saki 'yar ƙara siririya, harshen ya fara washewa daga shuɗi zuwa ja. Idan minti ɗaya ya wuce ba numfashi, ko kuma sai wangale baki yake jefi-jefi kamar mai shaƙuwa, wannan ba numfashi ba ne, dole a hura masa. Miƙar da wuyansa, ka rufe hanci da bakinsa da ƙyalle mai tsabta, ka hura iskar da ke kumatunka kawai, gwargwadon yadda ƙirji zai ɗan ɗaga, duk bayan daƙiƙa 2 zuwa 3. Huhunsa ƙarami ne ƙwarai, hurawa da ƙarfi na fasa shi. In zuciyar ta tsaya ko tana bugawa ɗai-ɗai duk da hurawar, matsa ƙirjin da babban yatsa da manuni, a bayan gwiwar ƙafar gaba, matsa 4 hura 1. Zuciyar jariri tana raguwa ne saboda rashin iska, don haka da iska ta shiga takan tashi da kanta. Idan minti 15 ya cika ba bugu ko kaɗan, ka yi iyakar yinka. Wanda ya farfaɗo, ɗaure cibiyarsa da zare santimita 2 daga ciki, ka yanke ta gaban ƙullin, ka shafa Betadine.

Don ka san wa za ka sa wa ido, akwai awon da wata likita Ba'amurkiya, Virginia Apgar, ta tsara wa jariran mutane a 1952, likitocin dabbobi a Italiya kuma suka daidaita shi ga kwiyakwiyai a 2009. Cikin minti 5 na farko ake duba abubuwa 5, kowanne a ba shi maki 2, 1 ko 0. Dafa ƙirji ka ƙirga bugun zuciya na daƙiƙa 15: sama da 55 maki 2 ne, 45 zuwa 55 maki 1, ƙasa da 45 babu maki. Kuka ƙarara da numfashi sama da 15 a minti 2 ne, kuka mai rauni da numfashi 6 zuwa 15 ɗaya ne. Mintsini tafin ƙafarsa: wanda ya fizge ya yi ƙara ya ci 2, wanda ya ɗan janye kawai 1. Haka motsin jiki, daga mai mutsu-mutsu zuwa mai ɗan lanƙwasa gaɓa zuwa wanda ya saki jiki. Sai dasashi: ja mai haske 2, fari-fari 1, shuɗi 0. Mai maki 7 zuwa 10 a miƙa wa uwarsa. Mai 4 zuwa 6 a ci gaba da gogewa da ɗumamawa, a sa shi a nono da hannu. Mai 0 zuwa 3 yana bakin mutuwa. Kada ka tsaya lissafi a kan wanda ba ya numfashi. Taimaka masa tukuna, ka ba da maki daga baya, ka sake dubawa bayan awa ɗaya. In bugun zuciya ya gagare ka ƙirgawa, launin dasashi da kuka da motsi sun isa su nuna maka hanya.

Bayan sun natsu, buɗe bakin kowanne ka haska ganɗa ko akwai tsaga, domin mai tsagaggen ganɗa madara ke bi masa ta hanci. Kwantar da shi rigingine ka ga ko zai juyo da kansa, ka kewaye hancinsa da yatsu ka ga ko zai tura kai yana neman nono. Lafiyayyen kwikwiyo yana da ɗumi da tauri a hannu, cikinsa a cike, yana zabura cikin barci; wanda ke kwance shiru can gefe shi kaɗai shi ne abin tsoro. Auna su kullum a lokaci ɗaya ka rubuta. Ya kamata nauyi ya riƙa ƙaruwa da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a rana, ya ninka a kwana 7 zuwa 10. Wanda ya yi kwana biyu bai ƙaru ba, a fara ba shi ƙari ko da ido bai ga komai ba.

Jarirai sun fi manya jure ƙarancin iska, kuma da yawa daga waɗanda aka farfaɗo suna tashi garau. Naka, idan ya haye makon farko yana ƙara nauyi, akwai kyakkyawan fatan zai rayu. Ka lura ko ya buɗe ido tsakanin kwana 10 da 14 kamar sauran, ko ya fara takawa wajen mako 3. Farfaɗiya, karkacewar kai ko zagaye wuri ɗaya su ne za a nuna wa likita. Babbar karyar ma a duba ta cikin kwanakin nan saboda yawan allurar da ta sha: zafin da ya haura digiri 39.5, ruwa mai wari, ƙin abinci, ko rawar jiki da sandarewar ƙafafu, duk ba a kwana da su. Maganin tsutsar ciki ana fara shi daga mako 2 bisa awon likita, rigakafin haukan kare kuma a wata 3.